Ƙarshen rayuwar dabbar gida a Birtaniya: jinya, allurar hutarwa da makomar gawa

A Birtaniya, inda ƙididdigar ƙungiyar agajin dabbobi ta PDSA ke nuna cewa kusan rabin manya suna ajiye wata dabba a gida, kuma yawan karnuka da na kyanwoyi kowanne ya haura miliyan 10, mafi yawan waɗannan dabbobi ba sa mutuwa da kansu. Wani bincike da masana a Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan suka wallafa a 2021, bayan sun bi bayanan asibitocin dabbobi na shekarar 2016, ya gano cewa kusan tara cikin kowane karnuka goma da suka mutu, likita ne ya kawo ƙarshen rayuwarsu da allura, bisa amincewar masu su. Ke nan ga mai kare ko mai kyanwa a wannan ƙasa, mutuwar dabbarsa shawara ce da za a ɗora masa wata rana, ya zaɓi lokaci, ya sa hannu a takarda, sannan ya faɗi yadda za a yi da gawar. Ana kuma ɗora masa wannan nauyi ne a ranar da hankalinsa ya fi tashi, shi ya sa ya dace a fahimci al'amarin tun kafin ranar ta zo.

Wanda ya tashi a inda ake ajiye kare don gadi ko farauta, kyanwa kuma don ɓera, yana iya ɗaukar wannan duka a matsayin shagalin waɗanda suka ƙoshi. Sai dai Hausawan da ke zaune a Landan da Manchesta da Bamingam, waɗanda 'ya'yansu suka tashi da kyanwa a ɗaki, suna cin karo da wannan tambaya kamar maƙwabtansu, kuma duk wanda ya taɓa ganin tsohon doki ya kasa tashi, ko kare ya kwanta yana nishi kwana da kwanaki, ya san cewa tambayar ta shafi kowa. Abin da Birtaniya ta yi shi ne ta kafa doka da sana'a da kasuwa a kan tambayar, kuma a cikin abin da ta kafa akwai abin koyi, akwai kuma wuraren da ya kamata mutum ya buɗe ido.

Asalin matsalar nasara ce ta likitanci. Rigakafi da abinci mai kyau da maganin tsutsar ciki sun sa yanzu ba abin mamaki ba ne kyanwa ta kai shekara 15 ko ta wuce, kare kuma ya haura 12, musamman idan ƙaramin jinsi ne, domin ƙananan karnuka sun fi manya daɗewa. Dabbar da ta tsufa haka kuwa takan gamu da cututtukan tsufa irin na mutane: ciwon ƙoda, wanda ya zama ruwan dare ga tsofaffin kyanwoyi, da amosanin gaɓɓai, da ciwon daji, da ciwon zuciya, har da gigin tsufa, inda kare zai riƙa yawo da dare yana haushi, ko ya tsaya a lungu ya rasa hanyar fita. Yawancin waɗannan ba su da waraka, sai dai a rage musu kaifi, kuma daga nan ne aka samu wani reshe na aikin likitan dabbobi da ya koma ga jinyar sauƙaƙawa, wato jinyar da ta haƙura da neman warkarwa ta mayar da hankali ga rage wahala a kwanakin da suka rage. A Amurka an kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu wannan jinya a 2009, kuma a 2016 ta haɗa hannu da ƙungiyar asibitocin dabbobi ta ƙasar suka fitar da ƙa'idojin kula da dabba a ƙarshen rayuwa, waɗanda likitoci a wasu ƙasashe ma suke dubawa.

A aikace, wannan jinya abubuwa ne masu sauƙin faɗi amma masu cin lokaci. Kyanwa mai ciwon ƙoda ana sauya mata abinci, ana ba ta maganin tashin zuciya da na buɗe ciki, wani lokaci kuma a koya wa mai ita yadda zai yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata a gida. Kare mai amosanin gaɓɓai ana ba shi magungunan rage raɗaɗi irin su meloksikam da gabafentin, ko allurar wata-wata irin Librela, wadda takwararta ta kyanwa ita ce Solensia, sannan a shimfiɗa darduma a kan daɓe mai santsi don kada ya zame, a ɗaga masa kwanon abinci, a riƙa juya shi idan ba ya iya juyawa don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Wajibi ne a tsaya a nan a yi gargaɗi guda, domin kuskure ne da tausayi kan jawo: farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, ibufurofen kuma yana lalata ciki da ƙodar kare da kyanwa duka. Maganin da ke cikin durowar mutum bai kamata ya shiga bakin dabba ba sai da umarnin likita.

Babban abin da ke wahalar da mai jinya shi ne dabba ba ta kai ƙara. Kyanwa musamman ta gaji ɗabi'ar ɓoye ciwo, saboda a daji duk wanda ya nuna rauni shi ake fara farauta. Don haka mutane da yawa suna jiran su ji kuka kafin su yarda akwai zafi, alhali alamun sun daɗe da bayyana ta wata hanya: kyanwar da ta daina hawa taga, ta daina lasar jikinta har gashinta ya cukurkuɗe, ta koma ɓuya a ƙarƙashin gado, karen da ya daina tarar mai gida a bakin ƙofa, yana haki ba tare da ya yi gudu ba, yana kai da komo da dare ya kasa samun yadda zai kwanta. Ko cin abinci ma ba hujja ba ce cewa lafiya lau, domin akwai karnukan da za su ci gaba da ci har ranar da za su mutu.

Don a taimaka wa mutane su ga abin da ke gabansu, wata likitar ciwon dajin dabbobi a Kalifoniya, Alice Villalobos, ta tsara wani ma'auni a 2004 wanda ya yaɗu a asibitoci da yawa. Ana duba abubuwa bakwai, kowanne a ba shi maki har zuwa 10: zafin ciwo, wanda ta haɗa da iya numfashi ta kuma sa shi a gaba da komai, sai cin abinci, da shan ruwa, da tsabtar jiki, da walwala, da iya motsi, sai na ƙarshe, ko ranakun daɗi sun fi na wahala yawa. Idan jimilla ta haura 35 ana ɗaukar cewa rayuwar tana da sauran armashi kuma jinya za ta iya ci gaba. A ganina lissafin shi kaɗai ba zai yanke wa kowa hukunci ba, domin dabbar da ke fama da numfashi tana cikin azaba ko da ta samu maki mai kyau a sauran wurare shida. Amfanin ma'aunin na gaskiya shi ne yana tilasta wa mutum ya riƙa dubawa yana rubutawa. Wanda yake tare da dabba kullum ba ya ganin ramarta, kamar yadda uwa ba ta ganin girman ɗanta sai baƙo ya faɗa, amma idan ya ɗauki kalanda yana sa alama a kan kowace rana, mai kyau ko mara kyau, bayan mako uku takardar za ta faɗa masa abin da zuciyarsa ta ƙi faɗa.

A nan ake zuwa ga tambayar da ta fi kowace nauyi, wato yaushe. Mutane da yawa suna fatan su wayi gari su tarar dabbar ta mutu cikin barci, a ɗauke musu nauyin zaɓi. Hakan yana faruwa, amma ba shi ne aka fi gani ba, kuma ya kamata a faɗi gaskiya game da yadda waɗannan cututtuka suke ƙarewa idan aka bar su. Ƙodar da ta daina aiki tana tara dafi a jini, sai amai da gyambon baki da rashin iya shan ruwa su biyo baya, wani lokaci har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Zuciyar da ta gaza tana sa ruwa ya taru a huhu ko a kewayensa, dabbar ta riƙa kokawar shaƙar iska tana cikin firgici. Akwai wani ciwon daji na saifa da ke yawan kama manyan karnuka, wanda kan fashe ba zato, jini ya tsiyaye a cikin ciki, kare ya faɗi. Irin waɗannan sukan zo ne da tsakar dare ko ranar hutu, a ƙare da gudu zuwa asibitin gaggawa, a hannun likitan da bai san dabbar ba, da kuɗi ninki. Saboda haka ne likitocin dabbobi suke yawan gaya wa mutane cewa gara a gaggauta da mako guda da a makara da yini ɗaya. Maganar tana da gaskiya, ko da yake bai kamata ta zama sandar da za a kora mutum da ita ba, domin akwai dabbobin da jinya mai kyau ke ba su watanni na jin daɗi na haƙiƙa. Abin da za a auna kullum shi ne halin da dabbar take ciki, a ajiye tsoron rabuwa a gefe, a ajiye gajiyar jinya ma a gefe.

Doka ma ta sa baki. Dokar Jin Daɗin Dabbobi ta 2006, wadda ke aiki a Ingila da Wales, ta ɗora wa mai dabba alhakin kare ta daga zafi da wahala da rauni da cuta, kuma barin dabba cikin azabar da za a iya kauce mata laifi ne, ko da mutum bai ɗaga hannu ya doke ta ba. Tun 2021 hukuncin mafi munin laifukan zaluntar dabba ya kai ɗaurin shekara 5. Wannan yana nufin wanda ya ƙi kai dabba asibiti, ya kuma ƙi a hutar da ita, ya zuba mata ido tana ruɓewa da ranta, yana iya tsayawa gaban alƙali, komai yawan son da yake cewa yana mata.

Yadda ake yin allurar kanta ya cancanci bayani dalla-dalla, domin rashin sanin abin da zai faru yana ƙara wa mutane tsoro. Asibitoci da yawa suna ware lokacin da babu cunkoso, su ba da ɗaki na daban, su kuma bar mutum ya biya kuɗi tun farko ko daga baya, don kada ya tsaya a layi yana hawaye. Zai sa hannu a takardar amincewa. Likitoci da dama suna fara yin allurar kwantar da hankali, wadda cikin 'yan mintuna take sa dabbar ta saki jiki ta yi barci, sannan a aske gashi kaɗan a ƙafar gaba a sa siririn bututu a jijiya. Maganin da aka fi amfani da shi sunansa fentobabital, maganin sa barci ne da aka daɗe da sani, ana kuma ba da shi da yawan da ya zarce na tiyata nesa ba kusa ba. Yana fara kashe hankali, daga nan numfashi ya tsaya, sannan zuciya, kuma wannan jeri shi ne dalilin da ya sa ake ɗaukar hanyar a matsayin mai sauƙi, domin dabbar ta riga ta fita hayyacinta kafin komai ya tsaya. Yawanci ba a wuce minti ɗaya ko biyu. Likita zai saurari ƙirji da abin awo ya tabbatar. Idanu sukan kasance a buɗe, wani lokaci jiki ya ɗan motsa, ko a ji wani dogon numfashi guda ko biyu, ko fitsari ya zubo. Duk waɗannan motsin jiki ne bayan hankali ya tafi, kuma likitan kirki yakan faɗe su tun kafin ya fara, don kada mai dabbar ya tafi gida da zaton cewa ta sha wahala.

Ana iya yin wannan a gida, kuma ga tsohuwar kyanwar da ke firgita da shiga mota, ko babban karen da ɗaukarsa ke ƙara masa zafi, hakan ya fi dacewa, duk da cewa ya fi tsada. A Amurka wata likita mai suna Dani McVety ta kafa kamfanin Lap of Love a Folorida a 2009 don wannan aiki kawai, kuma a Birtaniya ma yanzu akwai likitocin da ba su da wani aiki sai zuwa gidaje. Game da tsayawa a ɗakin ko fita, babu laifi ga wanda ya kasa, ma'aikatan jinya za su riƙe dabbar da tausasawa, amma wanda zai iya daurewa ya tsaya har allurar farko ta kama, ya yi wa dabbar alheri, domin muryar da ta sani tana kwantar mata da hankali. Yara kuma a gaya musu gaskiya daidai fahimtarsu, cewa dabbar ta mutu kuma ba za ta dawo ba, maimakon a ce ta ɓata ko an kai ta ƙauye, wanda zai bar yaro yana jira.

Akwai ɓangaren da ba a cika son tattaunawa ba, wato kuɗi. Birtaniya ba ta da asibitin gwamnati kyauta ga dabbobi, kuma tiyata ɗaya tana iya cin dubban fam. Wanda ba shi da inshora yakan tsinci kansa yana zaɓar allurar hutarwa a kan ciwon da yake da magani. Ƙungiyoyi irin su PDSA, wadda Maria Dickin ta kafa a 1917 don dabbobin talakawan gabashin Landan, da Blue Cross da RSPCA, suna taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi, amma ba sa isa ko'ina. Ban ga dalilin zargin talakan da ya zaɓi a hutar da dabbarsa maimakon ya bar ta da ciwon da ba zai iya biyan maganinsa ba, domin cikin zaɓi biyun da ke gabansa ya ɗauki wanda ya fi tausayi. Abin da ya bambanta shi ne wanda ya kawo lafiyayyar dabba don ya gaji da ita ko zai sauya gida. Ƙa'idojin hukumar da ke kula da likitocin dabbobi a ƙasar, wato RCVS, sun bayyana cewa ba a tilasta wa likita ya kashe lafiyayyar dabba, sai inda doka ta ɗora masa hakan a cikin aikinsa, kuma tun 2021 ana buƙatar ya duba ɗan guntun na'urar shaida da ke ƙarƙashin fatar kare kafin ya yi hakan, ko akwai wani mai haƙƙi ko gidan ceto da zai karɓe shi. Lokacin da aka haramta ajiye karnukan jinsin XL Bully ba tare da izini ba a Ingila da Wales a farkon 2024, gwamnati ta ba da fam 200 ga wanda ya zaɓi a kashe nasa, kuma likitoci da dama sun shiga tsaka mai wuya a kan hakan. Marigayi masanin falsafa Bernard Rollin na jami'ar jihar Kolorado ya shafe shekaru yana rubutu a kan irin ƙuncin da ke kama mutumin da ya shiga sana'a don ceton dabbobi ya ƙare yana kashe su, kuma bincike a Birtaniya da Amurka ya nuna cewa yawan kashe kai a tsakanin likitocin dabbobi ya fi na sauran jama'a, ko da yake dalilan suna da yawa. Wanda ke riƙe da sirinjin ma yana ɗauke da nasa kaso na nauyin.

Musulmi zai tambaya ko addini ya yarda da wannan. Malamai sun yi magana a kai tun ƙarnoni da suka wuce. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, Shaihu Halil ya ambata a Muhtasar cewa ya halatta a yanka dabbar da ba a cin namanta idan an fid da tsammani da ita, masu sharhi kuma suka bayyana cewa manufar ita ce a hutar da ita daga wahala. Malaman Shafi'iyya sun fi tsanantawa a wannan mas'ala, don haka akwai saɓani, kuma wanda abin ya same shi zai yi kyau ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da babu saɓani a kansa shi ne yadda za a yi: hadisin da Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Aus ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za a kashe a kyautata kisan, idan za a yanka a kyautata yankan. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha kuwa sananne ne ga kowa. A wannan ma'auni, ba wa kare shinkafar ɓera ko fiya-fiya, ko nutsar da 'ya'yan kyanwa a ruwa, ko kai tsohuwar dabba bayan gari a yasar, ba su da alaƙa da jinƙai ko kaɗan, domin mutuwa ce mai tsawo mai raɗaɗi.

Bayan numfashi ya tsaya, saura gawa, kuma a nan ne kasuwa ta fi ƙarfi. A Ingila mutum yana iya binne ƙaramar dabbar gida kamar kare ko kyanwa a filin da ya mallaka ba tare da neman izini ba, muddin ba kusa da rijiya ko rafi ba ne kuma gawar ba ta da haɗari ga lafiyar mutane. Ɗan haya kuwa sai da yardar mai gida. Ana son rami mai zurfi, kusan mita guda, a kuma ɗora dutse ko wani abu mai nauyi, saboda yanyawa suna tono. Zurfin ramin yana da wani dalili mafi girma: fentobabital ba ya gushewa da mutuwar dabbar, yana zama a cikin nama tsawon lokaci, kuma duk abin da ya ci naman zai iya mutuwa. A Amurka an sha samun gaggafa sun mutu bayan cin mushen dabbobin da aka yi wa allurar aka yar a fili, har hukumomi suka sa gargaɗi a jikin kwalaben maganin, kuma a 2017 da 2018 an janye wasu nau'o'in abincin karnuka na gwangwani daga kasuwa bayan an gano maganin a ciki. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye, domin a garuruwanmu an saba jefa mushe a juji ko kwata, kuma idan likita a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya hutar da kare ko doki da irin wannan allura, jefa gawar a fili yana nufin sa wa karnukan unguwa da ungulu guba, ga shi ungulun da muka saba gani a mahauta ta shiga jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa tun 2015.

Mafi yawan mutane a Birtaniya suna barin gawar a asibiti, motar wurin ƙona gawa ta zo ta ɗauka. Ana sa ta a tanda mai zafin da ke tsakanin digiri 800 zuwa 1,000, doka kuma ta buƙaci hayaƙin ya ratsa zafin digiri 850 na aƙalla daƙiƙa 2 kafin ya fita. Abin da ke saura ƙasusuwa ne, waɗanda ake niƙawa su zama garin da ake kira toka. Ƙonawa iri biyu ce a bisa asali. A ta haɗaka ana sa dabbobi da yawa tare, ba a mayar wa kowa da toka, kuma ita ce mafi arha. A ta ɗaiɗai ana ƙona dabba ita kaɗai a mayar da tokarta cikin akwati ko tulu, a kan kuɗin da ya ninka na farko. Matsalar tana tsakanin biyun, domin akwai wuraren da ke jera gawarwaki da yawa a tanda guda, a raba su da tire ko bulo, su kuma sayar da hakan da sunan da zai sa mutum ya zaci dabbarsa ce kaɗai a ciki. Dokokin da ke akwai sun fi kula da lafiyar jama'a da hayaƙi fiye da gaskiyar abin da aka yi wa mai dabba alkawari, shi ya sa wasu masu wuraren ƙonawa masu zaman kansu suka kafa ƙungiyar APPCC da nata ƙa'idojin. Tambayoyin da za su kare mutum ba su da wuya: wane wuri za a kai gawar, ita kaɗai ce a cikin tanda daga farko har ƙarshe, yaya ake bin shaidarta, ina ake zuba tokar haɗaka, kuma ana barin mutum ya je ya gani da idonsa? Wurin da ke aiki da gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Mutum yana kuma da damar ɗaukar gawar da kansa ya kai wurin da ya zaɓa, ba dole sai wanda asibiti ke hulɗa da shi ba.

Wannan batu ya kai ga hukuma. Hukumar Kula da Gasa da Kasuwanni ta Birtaniya ta fara duba harkar asibitocin dabbobi a Satumbar 2023, ta kuma buɗe cikakken bincike a 2024, bayan ta gano cewa manyan kamfanoni shida sun mallaki kusan kashi 60 cikin 100 na asibitocin, alhali a 2013 kasonsu bai wuce kusan kashi 10 ba. Wasu daga cikinsu sun mallaki har wuraren ƙona gawa, kuma farashin ƙonawa yana cikin abubuwan da hukumar ta sa wa ido, saboda mutumin da dabbarsa ta mutu minti goma da suka wuce ba ya ciniki, ba ya kuma zagayawa ya kwatanta farashi. Wanda ya yi waɗannan tambayoyi tun lokacin jinya, hankalinsa a kwance, shi ne ba za a yi wa sakiyar da ba ruwa ba.

Akwai wasu hanyoyi biyu da ba su kai waɗannan yaɗuwa ba. Ɗaya ita ce narkar da gawa a cikin ruwan zafi da aka haɗa da sinadari mai kaifin kanwa, wanda cikin sa'o'i yake narkar da nama ya bar ƙashi, a busar a niƙa. Ba ta fitar da hayaƙi, tana kuma cin makamashi ƙasa da tanda, kuma ta ƙara shahara bayan da aka bi ta wajen jana'izar Akbishop Desmond Tutu a Afirka ta Kudu a farkon 2022. Ɗayar ita ce maƙabartar dabbobi, wadda tsohuwar al'ada ce a Turai da Amurka: ƙaramar maƙabartar da ke dandalin Hyde Park a Landan ta faro ne a 1881, ta Hartsdale a jihar New York a 1896, ta Asnières kusa da Faris kuma a 1899. Kabari a irin waɗannan wurare yana da tsada kuma sau da yawa ana biyan kuɗin kulawa duk shekara, amma ga Musulmin da ke zaune a gidan haya a bene, wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ƙonawa ba, ita ce hanyar binnewa da ta rage masa. Dabba ba ta da wanka ko likkafani ko salla, kuma hadisin da ya hana azabtarwa da wuta yana magana ne a kan mai rai, amma duk da haka binnewa ita ce abin da Musulmi ya fi natsuwa da shi, kuma ya kamata ya faɗa wa asibiti hakan a sarari kafin a sa gawar a jerin waɗanda mota za ta kwasa.

Toka takan dawo cikin mako ɗaya ko biyu. Wanda yake son ya watsa ta a filin da ba nasa ba yana buƙatar izinin mai filin. Akwai kuma 'yan ayyukan takarda da mutane ke mantawa har sai saƙon tunatarwar rigakafi ya shigo waya ya tayar musu da mikin: a sanar da ma'ajiyar bayanan na'urar shaida, a dakatar da inshora, a mayar da ragowar magunguna asibiti maimakon a zuba su a shara. Ƙungiyar Blue Cross tana da layin waya kyauta tun 1994 don sauraron waɗanda suka rasa dabba, kuma wanda shakka ta dame shi ko ya gaggauta ko ya makara yana da damar komawa wurin likitan da ya yi aikin, ya nemi a buɗe masa bayanan jinyar su duba tare, gwajin jini da nauyin jiki da abin da aka gani a awo na ƙarshe.